Tambayoyin da sabon direban tirela zai yi wa mai ɗaukar aiki kafin ya sa hannu

Akwai wani yaro da na riƙe a mota kusan shekara huɗu, tun yana ɗaure tamfol da wanke gilas har ya kai yana karɓata in barci ya fara fizgata, kwanaki ya kira ni da murna wai baba an ɗauke ni aiki, jibi za mu je sa hannu. Na ce Alhamdulillahi, Allah Ya sa albarka, toh nawa ne kuɗin hanya? Ya ce bai tambaya ba. Na ce in buhu ya fashe ko gas, wato dizal, ya ƙare a hanya wa zai biya? Nan ma bai tambaya ba. Sunan wane kamfani ne a saman takardar da za ka sa wa hannu? Shiru. Albashi kawai aka faɗa masa, shi kuma daga jin kuɗin bai ƙara jin komai ba. Wallahi abun ya tsaya min a rai, don ni ma haka na shiga aikina na farko kuma na ji a jikina. Shi ya sa na ce bari in rubuta abunda na zaunar da shi na faɗa masa, ko wani ma zai amfana.

Abu na farko da nake so ka gane ƙanena, mutumin nan da ke ɗaukar direbobi ba maƙiyinka ba ne, amma kuma ba ɗan gidanku ba ne. Motoci ne a fake a yadi babu direba, an ce masa ya nemo mutum kaza kafin ƙarshen wata, don haka mai daɗin zai fara faɗa maka, mai ɗacin kuma sai ka tono da kanka. Ran da motarka za ta mutu tsakanin Mokwa da Jebba ƙarfe biyun dare ba shi za ka kira ba, ƙila ma ya bar wurin. Maganarka kafin ka sa hannu take da nauyi, kana sa hannu ka koma mai roƙo.

Mataki na farko tun kafin ka taka ofishin ne. Ka duba lasisinka, na tirela da tanka aji G ne, in naka ba shi ba ne ka je ka gyara ta hanyar da ta dace, kar wani ya ce maka bari kawai za mu san yadda za a yi, don ran da aka yi haɗari lasisin za a fara dubawa kuma kai kaɗai za a bari da shi. Daga nan ka nemi direbobin kamfanin. Ba wuya, motocinsu da suna a jiki, ka je inda ake fakin irin Maraban Jos ko Tafa ko Ogere in kana Kudu, ka zauna wurin mai shayi ka yi sallama ka saya wa mutum shayi ka tambaye shi. Kar ka tsaya kan mutum ɗaya, wani yana da haushin ogansa wani kuma ɗan lelen oga ne, ka ji bakin mutum uku ko huɗu, in ka samu wanda ya bar aikin ma ya fi, shi ba ya tsoron komai. Abunda suka faɗa maka ka rubuta a ɗan littafi ko a waya, da shi za ka auna maganar mai ɗaukar aikin.

Na biyu, da ka zauna a gabansa, bayan gaisuwa, tambayar farko ita ce: "Ranka ya daɗe, wane ne zai zama ubangidana a takarda, kamfanin da sunansa ke jikin mota ko wani daban?" Mutane da yawa ba su san wannan ba. Manyan kamfanoni da dama ba su ke ɗaukar direba kai tsaye ba, wani ƙaramin kamfani suke ba kwangilar kawo direbobi, wani lokacin ma motar ta wani ɗan kasuwa ce da ya sa ta a layin lodi. Kana tuƙa mota mai babban suna kana faɗa a unguwa cewa a kamfani kaza kake aiki, ran da albashi ya maƙale ka je babban ofis a ce ba su san ka ba, ka nemi wanda ya ɗauke ka. Ba wai aiki ta hannun ɗan kwangila haramun ba ne, amma ka sani tun yanzu, ka karɓi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da adireshin ofis wanda za ka iya zuwa da ƙafarka, kuma kamfanin da sana'arsa ɗaukar ma'aikata ce dole yana da lasisi daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ka tambaya a nuna maka.

Kuma dan Allah duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko kuɗin riƙe maka gurbi zuwa asusun wani mutum, ko wanda duk harkar a WhatsApp take babu ofis babu yadi, ka kama gabanka. Samari nawa aka cinye wa kuɗi da sunan za a sa su a manyan kamfanonin siminti.

Na uku shi ne kuɗi, kuma nan sai ka sa shi ya warware maka shi zare-zare. In ya ce maka direbobinmu suna samun kaza a wata, ka ce toh a cikin kazan nan nawa ne albashi tsayayye wanda ko mota ba ta motsa ba zan gani, nawa ne kuma na tirif, wato kowace tafiyar kai kaya? Don yawanci lambar da ake faɗa ta wanda ya fi kowa tirif ce a watan da babu ruwa babu lalacewa babu layi. Misali a ce an faɗa maka dubu 250, ka bincika ka tarar tsayayyen dubu 80 ne sauran sai ka yi tirif biyar, alhali direbobin da ka sha shayi da su sun ce da ƙyar ake yin uku, kaga ai ganin kitse ake wa rogo. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira dubu 70 ne, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba ko wanda ake biya da kamasho, shi ya sa ya kamata ka san a wane ɓangare aka sa ka.

Sai kuɗin hanya. Nawa ne, da kilomita ake lissafi ko da gari, kafin ka tashi ake ba ka ko sai ka dawo, a hannu ko a asusu? Me da me ke cikinsa, abincinka ne kawai ko har da na yaron mota, da kuɗin fakin, da 'yan haraji masu tare hanya da sanda, da masu sitika na kowace jiha, da abunda ake bayarwa a shingaye wanda kowa ya san ana bayarwa ko da ba a rubuta shi? In duk a cikin kuɗin hanyar ne, toh kafin ka kai Legas daga Kano, tafiyar kusan kilomita dubu, ba abunda zai rage a aljihunka. Yaron mota ma ka tambaya, kamfani ya san da shi yana biyansa ko kai za ka ɗauke shi daga naka, wasu kamfanonin ma sun hana ɗaukar kowa a gaba kwata-kwata, in tiraka, wato na'urar da ke bibiyar mota, ko kyamara ta nuna mutum a gefenka laifi ne.

Ga wata tambaya da sababbi ba sa tunawa da ita: kwanakin jira. Tuƙi ba shi ne rabin aikin nan ba ma, jira ne. Ka kwana huɗu a layin lodi a masana'anta, ka je wurin saukewa mai kaya ya ce sito ya cika sai jibi, ko a tura ka tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas inda tun 2021 sai da tikitin Eto, wato tikitin layin manyan motoci da ake karɓa ta intanet, ake shiga kuma sai an kira lambarka. Ka ce masa, "Yallaɓai, in na wuce kwana kaza ina jira ba laifina ba, akwai alawus na kwana?" Haka in ka dawo fanko babu kaya, ana lissafa shi a tirif ko kuwa zuwa kawai ake biya? Sannan ranar nawa ga wata albashi ke shiga, kuma ana ba da takardar da ke nuna abunda aka biya da abunda aka cire?

Wannan ya kawo mu mataki na huɗu, wanda a wurina ya fi duk sauran, wato cire-cire. Wallahi ba ƙarancin albashi ke kashe direba ba kamar abunda ake yankewa a ciki. Aikina na farko da wani kamfani, wata na biyu na je karɓar albashi na tarar an cire fiye da rabi, wai buhuna sun yi ƙasa a wurin saukewa, alhali ni ban tsaya an ƙirga a gabana a wurin lodi ba don ban san ina da damar tsayawa ba, aka miƙo min wayabil, wato takardar kaya, na sa hannu na ja mota. Ranar na rasa yadda zan yi in shiga gida in kalli iyalina. Ba wanda na iya kai wa ƙara don ba abunda ke rubuce.

Toh ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Fara da gas, wato dizal. Lita nawa ake bayarwa daga wuri kaza zuwa wuri kaza, wa ya yi lissafin, kuma an bambanta tsohuwar mota da sabuwa? Don motar Howo da ta shekara shida tana aiki ba za ta sha daidai da wadda aka ciro daga leda ba, haka DAF da Mack kowace da cikinta. In hanya ta yanke aka yi zagaye fa, kamar lokacin da gadar Tatabu da ke hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye a damunar 2017 manyan motoci suka koma bin wata hanyar, wa zai biya ƙarin gas ɗin, kuma wa zan kira ya amince kafin in juya? In na kwana a goslo inji na aiki fa? In gas ya yi saura nawa ne ko na kamfani? Ina nanata wannan ne saboda na ga yadda ake tura yaran kirki cikin sata, a ba mutum kuɗin hanya da ba zai ishe shi ba, sai ya fara zuƙe gas yana sayarwa a jarka, yau lita ashirin gobe hamsin, ƙarshe a kama shi a kore shi da sunan ɓarawo har garantonsa ya shiga uku. Amana ce aka ba ka, kuma hanyar riƙe ta ita ce tun farko kar ka karɓi lissafin da ka san ba zai kai ka ba.

Sai shoteji, wato in kaya sun yi ƙasa a wurin saukewa. In siminti ne, motar tan 30 buhu 600 ce, ta tan 45 buhu 900, ka tambaya buhu nawa aka yarda su fashe ba tare da an cire maka ba, kuma in za a cire da wane farashi, na masana'anta ko na kasuwa? Ina da damar tsayawa a ƙirga a gabana wurin lodi da wurin saukewa? In ruwa ya taɓa kaya saboda tamfol ɗin da aka ba ni a yage yake, laifin wa? In tanka ce abun ya fi haka tsanani, don mai yana raguwa da kansa saboda zafi da doguwar tafiya, ka tambaya lita nawa aka yafe a kan lita dubu 33 ko dubu 45, wa ke yin awo a daffo da gidan mai, ana duba sil, wato hatimin da aka kulle kaya da shi, a gabanka, kuma takardar awon tankin ta yaushe ce. In kwantena ce ka tabbatar aikinka sil ne kawai, in ka kai shi lafiya ba ruwanka da abunda ke ciki.

Taya da batir da tara su ma haka. Taya ta fashe saboda ta gama cinyewa, ni zan biya? 'Yan Road Safety ko VIO sun kama mota saboda takardunta sun ƙare ko babu abun kashe gobara, tarar ta kamfani ce ko tawa? Ni a ganina laifin tuƙi na direba ne, laifin takarda da lafiyar mota na mai mota ne, kuma haka ya kamata a rubuta. Ka kuma riƙe wannan: dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce duk abunda za a cire wa ma'aikaci a wata ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa na watan ba. Da na san wannan a wancan lokacin da na samu bakin magana. Ka tambaye shi cikin ladabi ko kafin a cire ana kiran direba a ji ta bakinsa, yadda ya amsa wannan kaɗai zai nuna maka irin gidan da za ka shiga.

Mataki na biyar, ka ce a nuna maka motar. Ba a cinikin biri a sama. In sun ce sai bayan sa hannu ake raba motoci, toh a bar ka ka zaga yadi ka ga irin waɗanda ake ba sababbi, don a al'ada sabon direba shi ake jefa wa wadda kowa ya gudu ya bari. Ka duba taya, ka taka birki ka saurari iska ko tana zuba, ka kalli ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai, fitilu, madubi, jak, safaya. Ka shiga garejinsu ka ga ko akwai bakanikai da kayan gyara ko motoci ne jere a kan dutse an cire wa wannan an sa wa waccan. Ran da za a miƙa maka mota a rubuta duk abunda ke jikinta har lambobin taya da batir, ku sa hannu ku biyu, ka ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe.

Ka tambaya in na lalace a daji wa zan kira, awa nawa kafin a zo, ina da izinin kiran bakanike na kusa in biya a mayar min? In na ce birki ba shi da kyau ba zan tashi ba, za a saurare ni ko za a ce na ƙi aiki? Wannan tambayar rai ce, ba taka kaɗai ba har ta mutanen da ke gabanka a gangara. Haka lodin da ya wuce ƙima, in aka ɗora min fiye da ƙarfin mota ina da ikon cewa a rage? Na'urar taƙaita gudu kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗura ke kama motocin haya a kanta, kuma a ƙa'idar hanya tirela da tanka ba sa wuce kilomita 60 a awa ko a babban titi mai hannu biyu, don haka in lokacin da suka ba ka na kai kaya ba zai yiwu ba sai ka wuce haka, ka san akwai matsala a lissafinsu. In motar CNG ce, wato mai amfani da iskar gas, irin waɗanda ake ta shigowa da su yanzu, ka tambayi horon da za a ba ka da kuma inda ake shan iskar a hanyar da za ka bi, don ba kowane gari ake samu ba.

Mai shiga tanka kuma ya ƙara da wannan: wane horo ake bayarwa in mota ta faɗi mai ya fara zuba? Duk mun ga fashewar tankar mai da ta faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, rayukan da aka rasa Allah Ya jiƙansu. Bayan nan ne gwamnati ta hana tankoki masu lita dubu 60 lodi daga 1 ga Maris 2025. Kamfanin da zai miƙa maka makullin tanka bai koya maka abunda za ka yi a minti biyar na farko ba, bai damu da kai ba.

Na shida hanya da lokaci. Wace hanya za a fi tura ni, kuma ni ke zaɓa ko tiraka ce ke zaɓa min? Ana tafiyar dare ko an hana, in an hana ƙarfe nawa ake fakin kuma a ina aka yarda in kwana? In aka ce in bi hanyar da ake fama da 'yan bindiga irin ta Birnin Gwari a lokacin da ta yi zafi, in na ce a'a me zai biyo baya? In tsayawa sallah ko cin abinci tiraka za ta rubuta min laifi gara in sani. Awa nawa ake so in yi a kan sitiyari a rana, don daga nan ne yara ke fara shan ƙwaya wai don ido ya buɗe, kuma ƙarshenta ba kyau, ga shi kamfanoni da yawa yanzu suna gwajin ƙwaya ba sanarwa. Kwana nawa zan yi a gida tsakanin tirif da tirif? Doka ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa bayan ya cika wata 12, ka ji ko nasu ya kai ko ya fi, da yadda ake yi da sallah ƙarama da babba, da ranar da haihuwa ko rasuwa ta same ka kana hanya.

In ana ƙetare iyaka zuwa Nijar ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, ka tambayi wa ke yin takardun mota da na kaya da inshorar ƙetare, da wane kuɗi za a ba ka na hanya naira ko sefa. Kuma ka tuna an rufe iyaka a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, direbobi suka yi makonni a bakin boda da kaya a baya. In haka ta sake faruwa wa zai ciyar da ni?

Na bakwai shi ne wanda ba ma son magana a kansa, haɗari. Muna roƙon Allah Ya tsare, amma tambaya ba ta kawo shi. Wace irin inshora ce a kan motar, ta wanda aka buge ce kawai ko har da motar, kuma akwai ta kayan da ke baya? In na ji rauni a bakin aiki wa zai biya asibiti, albashina zai ci gaba? Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta sa kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF saboda irin wannan ranar, ka tambaya suna biya? Dokar fansho ta 2014 kuma ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama zai zuba aƙalla kashi 10 kai a cire maka kashi 8, kuma ya yi maka inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abunda kake samu a shekara ba. In sun ce suna cire fansho ka buɗe asusunka ka riƙa duba alat, don akwai masu cirewa ba sa zubawa. Wurin da ake rubuta magaji ka cika shi da hankali, kuma ka faɗa wa iyalinka.

Bayan asibiti akwai ofishin 'yan sanda. In tsautsayi ya sa na buge mutum aka tsare ni, kamfani zai turo lauya da wakili ko motarsu kawai za su zo su karɓa su bar ni a ciki? Na san direban da ya yi makonni a tsare, 'yan uwansa ne suka sayar da abunda suke da shi suka fito da shi, motar kuwa kwana uku ta koma aiki da wani direban. In 'yan fashi suka ƙwace kaya ko aka ɗauke ni a hanya fa, mene ne tsarinku? Ka kalli fuskarsa sosai lokacin da yake amsa wannan.

Na takwas, garanto da hanyar fita. Kusan kowa zai ce ka kawo mai tsaya maka, wannan ba laifi, dukiya ce ta miliyoyi za a damƙa maka. Amma ka karanta takardar garanton kafin ka kai wa kawunka ko limamin unguwarku, me ya ɗauka a wuyansa, sata kawai ko har haɗari da shoteji, har nawa, kuma yaushe zai sauka in ka bar aiki? Zumunci da yawa ya lalace a nan. Kar ka bar musu lasisinka na asali ko takardar gida ko ta gona, kwafi ya isa. In za su ba ka horo su ce sai ka yi musu shekara kaza, ka tambaya in na tafi kafin nan nawa zan biya, kuma kuɗin yana raguwa da kowane wata ko yana nan yadda yake? Watannin gwaji nawa ne, albashin gwaji daidai yake da na bayansa? In akwai ajiya da ake cirewa duk wata wai ta kariya, yaushe ake mayarwa kuma wa ka sani da aka taɓa mayar wa? Notis na barin aiki fa, a doka wanda ya yi wata uku zuwa shekara biyu mako ɗaya ne, shekara biyu zuwa biyar mako biyu, daga biyar zuwa sama wata ɗaya, sai dai in takardarku ta ƙara a kai.

Ƙungiya ma ka tambaya. Direbobin tanka suna da reshensu PTD a ƙarƙashin NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas, NARTO kuma ta masu motocin ce ba ta direbobi ba, kar ka rikita su. Rikicin da ya tashi a Satumban 2025 tsakanin NUPENG da matatar Dangote a kan direbobin sababbin motocin CNG, a kan wannan batun ne na shiga ƙungiya. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ka 'yancin shiga, kai dai ka san matsayin kamfanin tun yanzu da kuma nawa ake cirewa na ƙungiyar.

Mataki na ƙarshe, duk amsar da ya ba ka mai daɗi ka ce, "Ranka ya daɗe, a ina yake a cikin takardar?" In babu, a rubuta a ƙara ko da a wata takarda daban mai hatimin kamfani. Doka ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, kuma in rigima ta kai kotun ma'aikata takarda za a tambaya, romon baka da wuya ya zama hujja. Ka roƙi a ba ka ita ka je gida da ita kwana ɗaya ko biyu, in Turancin ya yi maka nauyi ba abun kunya ba ne, ka kai wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka layi-layi ya fassara, ba ɗan kamfanin ba. Kar ka sa hannu a takardar da aka bar gurbi ba a cike ba, kar ka sa hannu a farar takarda, kuma in an ce akwai littafin dokokin direbobi da takardar ta ambata, a ba ka shi ka gani don yawancin tarar a can take ɓoye. Wanda ya ce yanzu-yanzu ko ka rasa gurbin, mutum ɗari na jira a waje, ni dai shawarata ka bar wa mutum ɗarin, na san zaman banza da zafi kuma na san ana jiran cefane a gida, amma na ga wanda ya yi wata shida yana tuƙi ya fito da bashi a kansa.

In ka sa hannu ka karɓi kwafinka a ranar, ka ɗauke shi hoto ka tura wa wani ɗan uwanka, asalin kuma ka bar shi a gida kar ka yawo da shi a mota. Yaron nawa ya koma da tambayoyinsa a rubuce a bayan wani tsohon wayabil, sun amsa masa yawanci har sun nuna masa motar, batun litar gas ne suka ce za su rubuto masa, na ce ya jira ya gani da idonsa kafin ya kai wa kawunsa takardar garanto.